Kada Ki Ɗaga Musu Waƙa, Rifkatu

Challawa, Kano

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Yau shekara biyu da wata bakwai rabona da gida. Da safen nan na ƙirga, muna tsaye a ƙofar kamfani muna jiran masu fita su fita mu shiga. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ke da Mamanki da ƙannenki. Allah Ya tsare miki hanya, Ya sauke ki a hannu nagari, Ya raba ki da mugun direba da mugun maƙwabci.

Ba zan cika ki da labarin Kano ba. Inji na juyawa, mu ma muna juyawa.

Mamanki ta gaya mini a waya cewa kin samu aikin koyar da waƙa da kiɗa a wata makarantar kuɗi a Akwanga, ƙarshen wata za ki tashi. Na ji daɗi ƙwarai. Sai ta ƙara mini magana biyu. Ta farko, mai makarantar ta ce akwai gasar waƙa tsakanin makarantu a ƙarshen zango, in kin kawo kofi aiki naki ne, in ba ki kawo ba a sake zama. Ta biyu kuwa tana dariya ta faɗe ta. Wai kin tono tsohon littafin waƙoƙina mai baƙin bango daga ƙasan akwati, kin zauna kin gano ma'anar jan biron da ke gefen kowane shafi, kina ta murna kin samo sirrin Baba.

Kin gano daidai. Kowane jan layi mako ɗaya ne na shirin gasa, kuma kowane mako nakan matsar da yatsana gaba a kan ogan, kayan kiɗan cocinmu, in fara waƙar sama da inda muka bar ta, ban gaya wa kowa ba. Da haka na kawo kofi huɗu garinmu. Shi ya sa na ari biro na zauna. Wannan magana ta fi ƙarfin waya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara daga inda na samo abin. Waƙar farko da ta shiga kunnena ta kakarki ce, a bakin dutsen niƙa. Ba ta taɓa cewa zo in koya maka ba. Tana niƙa tana yi, in numfashinta ya ƙare in karɓa, in na kauce ta maimaita wurin ko kallona ba ta yi, har in dawo hanya. Ina shekara goma sha biyu aka kai ni wurin Malam Ishaya, malamin waƙar cocinmu, wanda ya yi karatu a hannun 'yan mishan. Shi ya koya mini do-re-mi, da raba murya huɗu, da taka tsohon ogan ɗin nan mai feda. Ya san aikinsa, ba zan ci namansa yana kabari ba. Amma da tsumagiya yake auna waƙa, a kan tebur in ka yi daidai, a kan yatsu in ka kuskure. Da na gaje shi ina ɗan shekara ashirin da uku, sai na kwashi na Malam Ishaya kaf, na bar na kakarki a bakin dutse, don a ganina nata ba ilimi ba ne. Kuskurena na fari ke nan, sauran duk 'ya'yansa ne.

To ke, ranar da kika fara shiga aji, ki bar allo ya huta. Ki ce kowa ya yi miki waƙar da yake yi in yana wanke-wanke ko kiwo. Wani zai yi ta coci, wani ta talla, wani ta rediyo wadda ba ki so. Ki haɗiye, ki saurara. Kafin ya yi waƙar ma ki ja shi da hira, ki ji inda muryarsa take zaune in yana magana hankali kwance. Nan ne gidanta. Daga gida ake fara tafiya.

Kan kayan kiɗa ma na yi wauta, wadda in na tuna yanzu har dariya take ba ni, dariyar takaici. Ogan ɗaya gare mu, makullinsa a aljihuna. Duk mai son koyo sai in tura shi wurin kafinta ya yanko katako, in zana masa farare da baƙaƙen maɓallai da fenti, ya je ya yi ta danna katako shiru, wani wata shida, wani shekara. Na ce sai yatsu sun ladabtu kafin su taɓa kayan Ubangiji. Mutum tara suka fara, ɗaya ya kai ga ogan. Ranar da na buɗe masa ya danna, sai ya zabura ya janye hannu. Yatsun sun san hanya, kunnen bai san komai ba. Sauran takwas kuwa na ce malalata ne, haka na yi ta faɗi shekara da shekaru.

In makarantar tana da piyano ko jita, ko da ganga ce da tulu, ranar farko hannu ya taɓa. In ana tsoron ɓarna ki zauna kusa da su, aikinki ke nan. Ki sa yaro ya nemo waƙar da ya riga ya sani da yatsa ɗaya, ya ɓata ya dawo, ya ɓata ya dawo. Sunayen maɓallai ba gudu za su yi ba. Kuma kada ki raina tulu. Yarinyar da ta iya riƙe bugun tulu ba ta yi sauri ba, ba ta ja baya ba, ta gama rabin karatun kiɗa.

Yanzu ga wadda ta hana ni sakat.

Kin san Anti Ladi, ƙanwar Mamanki, da shaƙaƙƙiyar muryarta. Kin san yadda take buga mudu a bakin kwano a kasuwa don ta kira masu saye, tunda ba ta iya ɗaga murya. An gaya miki sanyi ne ya kama ta tana budurwa. Sanyi ya kama ta, gaskiya ne, amma sanyi kwana biyar yake yi ya tafi. Ni ne na tsaya a kai.

Lokacin tana shekara goma sha bakwai, a gidanmu take, ita ke goyon ki. Ita ce kan gaba a murya ta ɗaya, wadda ta fi hawa sama. Rifkatu, ban taɓa jin irin muryar ba, kafin nan ko bayan nan. In ta ɗauki waƙa, tsofaffin da ke gyangyaɗi a bencin baya sukan farka. A shekarar muna neman kofi na huɗu a gasar gunduma, kuma na san halin alƙalan, duk ƙungiyar da ta fi hawa sama ba ta karye ba ita suke ba wa. Imanina a lokacin shi ne murya kamar roba ce, in kana ja a hankali mai ita bai sani ba, za ta miƙe. Mako shida na yi ina ɗagawa. Ki duba shafin waƙar girbi, za ki ga jan layi shida. A mako na huɗu 'yan matan suka fara dafe wuya in an tashi, na ce shagwaɓa ce. A na biyar Ladi ta kamu da mura. Maimakon in sallame ta ta kwanta, na sa Mamanki ta daka citta da barkono da zuma, ina ba ta tana sha tana hawaye, ta koma layi.

Safiyar gasa, muna ƙarƙashin mangwaro a harabar cocin gunduma, ta jawo ni gefe.

"Yaya Bulus, maƙogwarona kamar an zuba yashi. A sauke ta kaɗan mana."

"Yau kaɗai ne," na ce mata. "Gobe ki huta har shekara."

Ta hau, ta kai inda nake so, ta riƙe. Aka tashi tsaye ana tafi. A motar dawowa kowa na waƙa ban da ita, na ɗauka gajiya ce. Mako ya wuce, wata ya wuce. Aka kai ta asibiti a Jos, likita ya duba ya ce ta yi wa maƙogwaron aikin da ya fi ƙarfinsa alhali yana ciwo, ya tambaya wa ya sa ta. Mamanki ce ta raka ta, ta ce ba wanda ya amsa.

Kin san abin da aka yi mini? Akuya aka ba ni. Dattawan ikilisiya suka yi taro suka gode mini, aka rataye kofi a ofishin Fasto, aka ce na Ladi nufin Allah ne. Shekara goma sha tara na yi musu waƙa ba albashi, ranar da ya kamata su tsawata mini kuma suka ba ni akuya. Ina da ɗaci a kansu, ba zan ɓoye ba. Amma in za a yi gaskiya, ba su suka matsar da yatsa a kan ogan ba, kuma ba su san ina yi ba. Akuyar ma na karɓa, mun ci.

Shekara uku na ƙara ina tsayawa gaban mawaƙa, Ladi tana layin baya tana motsa baki don kada ta bar ƙungiya. Wata rana da yamma, kina shekara tara, kina shara a tsakar gida kina waƙa, na ji kin hau wani wuri ba wahala. Na ajiye abin da ke hannuna na ce ki zo ki sake, in ji iyakar inda za ki kai. Ladi tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Yaya," ta ce, "wannan kam ka bar ta."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini ke nan a kan zancen, har yau. Kafin damina ta fita na miƙa makullin ogan na hau motar Kano. An gaya muku neman kuɗin makaranta ne ya fito da ni, akwai wannan ma. Na san kin daɗe da riƙe ni a zuci, cewa na koya wa 'ya'yan kowa ban da tawa, har sai da kika je kwaleji baƙi suka koya miki. Yanzu kin ji dalili. In kin ga girmana ya ragu a idonki, ya ragu ɗin, na fi son haka da a ce wata uwa a Akwanga ta raka 'yarta asibiti.

Ko a Kano ban yi hankali da wuri ba. Da na samu aiki a kamfanin jima a nan Challawa, na ga ana ware fatun awaki masu ɗan tabo ana sayar wa ma'aikata da araha, masu laushi kamar ƙyalle. Na saya na aika wa zumuntar matan cocinmu na gida su sake wa gangunansu fata, ina jin na yi abin kirki. Saƙo ya dawo cewa sun gode, amma gangunan kamar ana dukan katifa. Na ba Malam Sani labari muna cin garau-garau a bakin ƙofar kamfani. Malam Sani abokin aikina ne, ɗan asalin garin nan, gidansu makaɗan kalangu ne na mahauta. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na buga masa baya.

"Haba Malam Bulus, kai da ake ce wa malamin waƙa? Jemammiyar fata ai takalmi ake yi da ita. Wannan ta mutu sau biyu, me za ta ce maka?"

Ya ce sai na zo gidansu na ga yadda ake yi, kada in ƙara ba Kano kunya a kudu. Na je ranar hutu, na tarar da wansa yana ɗaure ganga da ɗanyar fata da ya jiƙa. Ya ja, ya ja, sai ya tsaya ya ƙulle alhali ni ina ganin da saura. Na ce masa ai ba ta kai ba. Ya ce a bar wa rana nata, in ka ja iyakar ƙarfinka da safe, kafin azahar ta fashe. Na tsaya ina ta kallon gangar, har Malam Sani ya tambaya ko waken jiya ne bai karɓe ni ba. Wan nan nasa bai taɓa ganin do-re-mi ba, ya san abin da na yi shekara goma sha tara ban sani ba.

Yaran da za a ba ki ba su gama girma ba, ki bar wa shekaru nasu. Ki fara waƙa a inda mafi rauni a cikinsu zai kai ba tare da ya ɗaga haɓa ba. Ki riƙa kallon wuya fiye da baki. In jijiya ta fito, in kafaɗa ta hau, in ana yawan gyaran murya tsakanin baiti da baiti, ki sauke waƙar nan take, kuma ki gaya musu kin sauke, kada ki yi musu komai a ɓoye. Mai mura ya zauna ya riƙe tulu, ko da shi ne gwaninki, ko da gobe ne gasa. Ruwa da hutu ne magani, citta ta zauna a kunu. Kada ki yarda a ba ki ajin da ke jikin janareto, don yaro zai yi ta gasa da inji bai sani ba. Namijin da muryarsa ta fara fashewa kada ki kore shi, kada kuma ki tilasta masa tsohon wurinsa. Ki bi shi ƙasa duk inda ta sauka, wata uku za ta yi tana yawo kafin ta zauna.

Sai maganar mai makaranta. Kada ki ɗauke ta muguwa. Iyaye ke biya, iyaye kuma kofi suke son gani a bango, ita ma wuta ce a bayanta. Ki je mata a makon farko, tun ba a saba ba, ki yi mata magana da ladabi amma a fili. Ki ce za ki shirya yara su fita tare, su shiga tare, a ji kowace kalma daga bencin ƙarshe, amma ba za ki hau da su inda ba su kai ba, kuma marar lafiya ba zai yi waƙa ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, dabarata tana ci. Mai yiwuwa wata makarantar ta yi ihu ta ɗauke kofin, a kira ki ofis a ce an gode. In haka ta faru ki tattara kayanki ki fita da kanki a sama. Mutane suna neman mai koya wa 'ya'yansu a gida, ɗaya bayan ɗaya, za ki ci abinci. Abu ɗaya dai, kada ki ce za ki biyo ni kamfani. Wannan na hana.

Ga dalili, kuma Mamanki ma ba ta sani ba. Shekara shida da na yi a masaƙa a Bompai kafin a rufe ta, da uku a kamfanin roba a Sharada, sun tafi da kunnena na hagu. Abin toshe kunne sai ranar da baƙi za su zo dubawa ake raba shi, da yamma a karɓe. Na dama yana nan, amma siraran muryoyi sun fara ɓace masa. In yara suna waƙa sai in ga baki na motsi, kamar yadda na riƙa ganin na Ladi. Ban ce sakayya ce ba, don akwai waɗanda ba su cuci kowa ba kuma sun fi ni kurumcewa. Amma ban kai ƙara ba.

Duk da haka ban ajiye aikin ba. A ƙaramin cocinmu na Zawaciki sun nemi in riƙe mawaƙa, na ƙi. Mutum uku nake koya wa, ranar Lahadi bayan an tashi, kowa shi kaɗai, ina zaune na ba shi kunnen dama. Ɗaya daga ciki ita ce Mama Talatu da za ta miƙo miki wannan takarda, mai aikin ɗaure biskit a Sharada. Tun tana firamare wani irina ya ce mata ba ta da murya. Na yi ta sauke mata waƙa, ina saukewa, har muka iske muryar can ƙasa wajen ta maza, lafiyayya, tana zaune shekara arba'in tana jira. Ki sa ta yi miki, ba ta jin kunya yanzu, hana ta ne aiki.

Baƙin littafin nan ki bar shi a gida. Kada ki ƙona, don gaskiya ce a ciki. In kina da ƙarfin hali ki kai wa Anti Ladi gaisuwar sallama da kanki, kada ki ce mata komai a kan wannan, faɗar tawa ce. Shekara goma sha bakwai ina aika mata atamfa duk Kirsimeti, tana aiko godiya, ban taɓa buɗe baki na ce na yi laifi ba. Bana zan faɗa, a tsaye a ƙofarta, ko ta amsa ko ta buga mini mudu.

Ubangiji Ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya ba ki kunne kafin baki, Ya ba ki haƙuri da 'ya'yan mutane, Ya tsare ki daga yabon da zai sa ki cuci wani. Ki gaida Mamanki, ki ce mata kada ta yi kuka a tasha, tana sa direba rikicewa. Ki gaida ƙannenki da duk mai tambayata.

Ni ne mahaifinki,
Bulus

Kawunki kullum tambayarsa me na tara a Kano shekara goma sha huɗu. Ki karanta masa. Ɗanyar fatar akuya uku, busassu a inuwa, suna cikin buhun da ke hannun Mama Talatu. Waƙa talatin da takwas cikin hamsin da ɗaya da na sake rubutawa daga ka, kowace a inda yaro zai kai, suna cikin sabon littafi a buhun, sauran sha uku ina kai. Kuɗin mota zuwa da dawowa. Kwanan hutu goma sha tara da ban taɓa ba: biyu na hanya, ɗaya na Ladi, sha shida na bencin ƙarshe a ajinki, in kin yarda in zauna.